Gammon Teku

A ƙarƙashin gadar Obalande na sayi taswirar,
wurin mai tsofaffin littattafai,
ruwan sama ya riga ya cinye mata rabin Indiya.
Na shimfiɗa ta kan tabarmar kakana, Kofur Nomau,
wanda ya rasu bara a ɗakin nan na Agege.
Na bi shuɗin da ɗan yatsa ina neman tsibirinsa.
Sau uku ina kankare wani ɗigo da farce,
na zaci kashin ƙuda ne.

Shi cewa yake ba tsibiri ba ne, gammo ne
da teku ta ɗora a ka, ta manta da kayan.
Dutse ne mai aman wuta ya gaji, ya nutse,
ƙananan halittu suka yi ta gini a bakinsa
kamar gara, na yau kan gawar na jiya,
har murjani ya leƙo ya sha iska.
A tsakiya tafki, kore shar, kwance luf.
A waje igiyar ruwa na dukan ƙofa ba sallama.
Tudun da ya fi tsayi bai kai kafaɗarsa ba.
Rijiya babu. In hadari ya haɗo
sai a ruga da hular kwano, a tari rabo.

Daga Apapa suka tashi, shekarun yaƙin Bama.
Jirgi ya sauke su, su goma sha takwas, ya wuce.
Aikinsu gadin tankunan mai
da manyan bindigogi biyu masu kallon ruwa.
Suka daka murjani kamar masu sussuka
har ya zama filin saukar jirgin sama.
Wata goma sha ɗaya. Abokin gaba bai zo ba.
Sai ƙaguwa mai hawa kwakwa da satar cokali,
sai tsatsa,
wadda ba ta taɓa makara a fareti ba.

Ranar farko gabas suka fuskanta, kamar a gida.
Wani matuƙi Balarabe ya yi dariya, ya juya su:
Makka na can wajen faɗuwar rana, ɗan dama kaɗan.
Kaka ya ce ran nan ya san ya yi nisa.

Da akwai masu wurin.
An kwashe su kafin zuwan sojoji, ba a ce ina ba.
Sun bar duwatsun murhu, baƙi ƙirin,
da kwale-kwale rabin sassaƙa, gizago a ciki.
Nan kaka ke yin shiru, ya nemi goro.

Shekarau na Gaya, zazzaɓi ne ya ɗauke shi.
Kamu biyu suka haƙa, ruwan gishiri ya ɓuɓɓugo.
Suka koma gaba, ya sake ɓuɓɓugowa.
Sai suka kwantar da shi a sama-sama,
suka jera masa fararen duwatsu,
fuskarsa na kallon inda Balaraben ya nuna.
Uwarsa takarda ta samu,
wadda babu mai iya karantawa a unguwar.

Ni tifa nake tuƙawa.
Kullum ina juye yashi a bakin ruwa a Leki,
muna ƙwace wa teku ƙasa, mudu bayan mudu,
masu kuɗi su dasa bene a kai.
Rediyo ya ce ita ma tana tashi a hankali,
tana karɓar bashinta daga waɗanda ba su ci ba.

Ɗazu da la'asar, da na kife lodi na ƙarshe,
na sauko, na tsoma hannu.
Ruwan nan ɗaya ne, in ji taswira, babu shinge.
Na ce: in ka kewaya ka isa can,
ka bi a hankali ta gefen fararen duwatsu.
Akwai namu a wurin,
kamu biyu ma bai samu ba.

Mai gadin wurin ya ɗaga murya:
Malam, motarka ta tare hanya.